Iskar Rana da Kaɗawar Garkuwar Duniya: Ina Ruwan Mutumin Karkara a Ciki?

Tun daren Juma'a 10 ga Mayun 2024, da guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi cikin shekara ashirin ta daki duniya, kalmar "guguwar rana" ta shiga bakin mutanen da a da ba ruwansu da labarin sararin samaniya. A wannan dare sama ta yi jajawur har a Meksiko da tsibiran Kanari, inda ba a saba ganin irin wannan haske ba. A Amurka kuwa manoma suna tsakiyar shuka suka ajiye taraktocinsu, saboda na'urar GPS da ke ja musu layi ta rikice.

Nan gida labarin ya iso ne a cakuɗe. Da zarar rediyo ta ambaci wata sabuwar guguwa, sai tsohon saƙon nan na WhatsApp ya farfaɗo, mai cewa a kashe waya daga sha biyu da rabi na dare zuwa uku da rabi, kada a kwana da ita kusa da kai. A rumfar mai cajin waya a ƙauyukan Kura ko Auyo, inda wayoyi talatin ke jere a kan katako kowace da 'yar lambarta a manne, tambayar da ake tare ɗan boko da ita ɗaya ce: "Malam, wannan abu zai ƙona mana sola?" Wanda ya sayar da sa ya sayi famfon sola don noman rani yana da haƙƙin ya ji amsa. Wani ya ɗora wa guguwar zafin bazara, wani ya ɗora mata ɗaukewar wuta.

A ƙarƙashin wannan ji-ta-ji-ta akwai ilimi na gaske, kuma wani ɓangarensa da labarai ba su cika taɓowa ba shi ne wata kaɗawa mai jinkirin bugu da ke faruwa kullum a garkuwar maganaɗisun duniya, ko da guguwa ko babu. Ta wannan kaɗawa ce wani kaso na ƙarfin iskar rana ke shigowa ciki.

Iskar da ba ta kaɗa ganye

Sunan "iskar rana" yana iya ɓatar da mai karatu. Ba ta da dangantaka da iskar hunturu ko ta hadari, kuma ba ta isowa ƙasa. Zafin rawanin da ke kewaye da rana ya haura digiri miliyan ɗaya. A irin wannan zafi ƙwayar zarra ba ta zama a dunƙule, sai ta rabu: ilektiron gefe, furoton gefe, kowanne ɗauke da cajin lantarki. Wannan haɗin shi ake kira filasma, kuma shi ne ke kwararowa daga rana ta ko'ina, dare da rana.

Gudunta kilomita 300 zuwa 800 ne a daƙiƙa. Tafiyar Kano zuwa Legas da direban tirela ke kwana a kanta, iskar rana ta gama ta kafin mutum ya ƙirga uku. Sai dai ba ta da kauri ko kaɗan: a gurbin da bai kai dunƙulen Maggi ba, ƙwaya biyar ko makamancin haka ake samu, alhali iskar da muke shaƙa tana da adadi mai sifili 19 a irin wannan gurbi. Hasken rana yana cinye kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da ita cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu, iskar kuwa sai ta yi kamar kwana huɗu.

Eugene Parker na Jami'ar Shikago ne ya fitar da lissafinta a 1958, masana da yawa suka yi masa kallon mai shaci-faɗi. A 1962 kumbon Mariner 2, a kan hanyarsa ta zuwa Zara matar wata, ya auna ta na tsawon watanni, musu ya ƙare.

Abubuwa uku ne ake yawan gwamutsawa. Akwai walƙiyar rana, wadda haskenta ke isowa cikin minti takwas. Ita ce ke sa tashoshin gajeren zango su yi tsit da rana tsaka na wasu mintoci ko awa guda. Akwai aman rana, wato curin filasma mai nauyin biliyoyin tan da ke ɓallewa ya iso cikin kwana ɗaya zuwa uku. Shi ne ke haddasa manyan guguwoyi irin ta 2024. Sai kuma iskar yau da kullum, wadda ita ma kashi biyu ce: mai tafiyar hawainiya, da mai gudu da ke fitowa daga wasu gurabe masu duhu a rawanin rana. Tunda rana tana juyawa sau ɗaya cikin kamar kwana 27 a ganinmu, mai gudun takan dawo ta same mu bayan kowane kwana 27, kamar ranar kasuwa.

Garkuwar

Narkakken ƙarfen da ke motsi a cikin duniya shi ya mai da ita ƙaton maganaɗisu. Shi ne ke juya allurar kamfas ɗin da ake neman alƙibla da shi. Ƙwayoyin da ke ɗauke da caji ba sa iya ƙetare layukan maganaɗisu kai tsaye, don haka iskar rana takan ci birki a nisan da ya kai kamar ninki goma na rabin faɗin duniya, wato sama da kilomita 60,000, ta kauce ta gefe.

Duk wanda ya ga dattijo da babbar riga a kan babur ya ga siffar garkuwar. Ta gaba iska ta manna rigar da ƙirji, ta baya ta ja ta ta yi jela. Jelar garkuwar duniya ta wuce nisan wata. Kuma kamar rigar, ba ta tsayawa cak: tana kaɗawa, tana kumbura, tana lotsawa. A guguwar Mayun 2024 an danne gabanta har ya shigo cikin da'irar da taurarin ɗan'adam na talabijin ke zaune, kilomita 35,786 daga ƙasa.

Iskar rana tana tafe da nata maganaɗisun. James Dungey na Ingila ya nuna a 1961 cewa idan wannan maganaɗisu ya fuskanci kudu, ya yi hannun riga da na duniya, layukan biyu sukan ƙullu, ƙofa ta buɗe. Saboda yadda duniya ta karkata, hakan ya fi faruwa a wajajen Maris da Satumba.

Tsirkiyar da ta fi duniya tsawo

Kowace kaɗawa ana auna ta da yawan bugunta. Wutar lantarkin gidajenmu tana bugu 50 a daƙiƙa. Tashar FM tana yin miliyan 88 zuwa 108. Kunnen mutum ba ya kama abin da ya gaza 20. Kaɗawar da ake magana a kanta, wadda masana ke taƙaita sunanta da ULF, bugu ɗaya nata yana ɗaukar daga kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa har zuwa minti goma. A mafi jinkirinsu, ladan zai iya fara kiran sallah ya gama bugu ɗaya bai cika ba.

An daɗe da ganinta kafin a san mece ce. A babbar guguwar 1859, allurar maganaɗisu a cibiyar Kew da ke Landan ta riƙa rawa a kan takarda, Balfour Stewart ya rubuta bayanin abin a 1861. Sai a 1942 Hannes Alfvén na Suwidin ya nuna cewa layin maganaɗisu da ke cikin filasma yana iya ɗaukar kaɗawa kamar igiyar da aka ɗaure tamau. Wannan fanni ne ya ba shi kyautar Nobel a 1970. A 1954 Dungey ya ce rawar allurar nan ta ƙasa amon irin wannan kaɗawa ce.

Misalin garaya ko gurmi ya dace da abin sosai. Kowane layin maganaɗisu ya fito daga kudancin duniya, ya yi baka a sarari, ya nutse a arewaci. Bakinsa biyu a ɗaure suke a sashen sama mai caji, kamar kilomita 100 daga ƙasa. Tsirkiya ce ke nan. Gajeriya kuma tsukakkiya tana ba da siririn amo, doguwa mai nauyi tana ba da kakkaura. Layukan da ke kusa da duniya gajeru ne, bugunsu da sauri. Na can waje dogaye ne, bugunsu minti-minti. A 1974 David Southwood, da kuma Liu Chen tare da Akira Hasegawa, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana yadda bugu daga bakin garkuwa ke ratsowa ciki har ya tarar da layin da amonsa ya yi daidai da nasa, ya zuba masa ƙarfinsa. Makaɗa sun san wannan: a buga ganga kusa da garayar da aka jingine, tsirkiyarta za ta amsa ba wanda ya taɓa ta.

Tun 1964 aka raba su aji-aji. Masu bugu a jere ana kiransu Pc, daga Pc1 mafi sauri zuwa Pc5 mai daƙiƙa 150 zuwa 600. Masu zuwa a birkice ana kiransu Pi. Pc3 da Pc4, masu daƙiƙa 10 zuwa 150, su ne 'yan kullum da rana. Pi2 kuwa ta dare ce, tana shelar cewa jelar garkuwa ta saki abin da ta tara.

Amfanin wannan rarrabewa ya wuce na ajin makaranta. Mai sayen tulu a kasuwa yakan ƙwanƙwasa shi ya saurara, amon ya gaya masa ko akwai tsaga. Haka masana ke amfani da saurin bugun layi su ƙiyasta nauyin filasmar da ke kansa, a wurin da ba kumbon da ya je a ranar. A 2023 hukumar NASA ta buɗe wani shiri mai suna HARP, inda ake hanzarta waɗannan ma'aunai har su zama sauti, a bar wa jama'ar gari su saurara su taya masana tantancewa.

Wa ke kaɗa tsirkiyar?

A nan ne gizo ke saƙa. Cewa iskar rana ce tushen yawancin wannan kaɗawa, babu mai musu. Idan gudunta ya haura kamar kilomita 500 a daƙiƙa, ƙarfin Pc5 yakan tashi ƙwarai, an kuma ga haka a tashoshi da dama cikin shekaru masu yawa. Saɓanin yana kan hanyar da take bi.

Ɓangare na farko sun ce gogayya ce. Wanda ya tsaya a bakin madatsar Tiga da yamma ya ga yadda iska ke shafar fuskar ruwa ta tayar da taguwa, taguwar ta girma har ta naɗe. Haka iskar rana ke shafar gefen garkuwa na asuba da na magariba. Hujjarsu ita ce ƙarfin kaɗawar yana bin gudun iskar, ya fi yawa a gefe ba a goshi ba, kuma taguwar tana tafiya ne ta baya, inda iskar ta dosa. A 2004 aka wallafa abin da taurari huɗu na shirin Cluster na Turai suka gani: naɗaɗɗun taguwoyi masu faɗin dubban kilomitoci a gefen garkuwar.

Ɓangare na biyu sun ce duka ne. Iskar rana ba ta zuwa sumul, tana zuwa da kauri nan da sirantaka can, don haka nauyin da take ɗora wa garkuwa yana hawa yana sauka, garkuwar tana lotsawa tana dawowa. Wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin tamfol da hunturu ya san irin wannan bugu. A farkon shekarun 1990, masu auna sama a Kanada sun lura cewa wasu adadin bugu ƙalilan suna yawan maimaituwa, suka fassara su da cewa amon garkuwar ne na kanta, kamar yadda kowace ganga ke da nata. A 2002 Larry Kepko da abokan aikinsa suka nuna cewa a wasu lokutan irin wannan bugun yana nan a cikin iskar tun kafin ta iso. In haka ne, garkuwar ba waƙarta take yi ba, amshi take yi.

Abin da ya sa aka daɗe ana wannan ja-in-ja shi ne iska mai gudu ita ce kuma ta fi yawan tangal-tangal. Idan kaɗawa ta ƙaru, ba a iya cewa kai tsaye gudun ne ko tangal-tangal ɗin. Tauraro ɗaya kuma ba ya iya bambance abin da ya canja saboda lokaci da wanda ya canja saboda wuri, shi ya sa aka koma aika su rukuni: Cluster huɗu a 2000, THEMIS biyar a 2007, MMS huɗu a 2015. Da bayanan THEMIS ne Martin Archer da tawagarsa suka nuna a 2019 cewa idan wani tsirin filasma ya caki goshin garkuwa, fatar kanta takan yi rawa irin ta fatar kalangu. Kamar kalangun kuma, idan aka matse ta amonta ya canja. Yau yawancin masana sun karɓi hanyoyin biyu. Abin da ya rage shi ne wacce ta fi rinjaye, a wane yanayi, a wane gefe.

Labarin Pc3 ya fi tsabta. Kafin iskar rana ta iso garkuwa tana cin karo da wani bango inda gudunta ke karyewa farat ɗaya. Wasu furoton sukan yi tsalle su koma baya, su yi karo da masu zuwa, a nan kaɗawa ta haifu, iskar ta kwaso ta ta shigo da ita. Valeria Troitskaya ta Tarayyar Sobiyet da abokan aikinta sun gano a farkon shekarun 1970 cewa saurin bugun Pc3 yana bin ƙarfin maganaɗisun da iskar ke ɗauke da shi. Wato mutum yana zaune a ƙasa da ma'auninsa yana karanta halin da ake ciki a can waje.

Akwai kuma kaɗawar da cikin gida ke haifarwa. Ƙwayoyin da guguwa ta cusa cikin garkuwa suna kewaya duniya, su ma suna iya motsa layukan. Asalin ƙarfin nasu dai daga iskar rana ya zo, sai dai ya biyo ta bayan gida.

Inda Kano da Jigawa suke a taswirar

An saba ɗaukar wannan fanni a matsayin na ƙasashen ƙanƙara, tunda a can layukan masu tsawo ke nutsewa, a can kuma kaɗawar ta fi ƙarfi. Amma akwai wani layi mai muhimmanci, inda allurar maganaɗisu ke kwanciya sambal ba ta sunkuya kudu ko arewa ba. Wannan layin raba duniya na maganaɗisu, a yankinmu, ya ratsa Najeriya ne tsakanin Abuja da Kano.

A samansa, kamar kilomita 100 zuwa 110, wani kogin lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 yana kwarara gabas kowace rana, ya yi ƙarfi wajen tsakar rana, ya lafa da dare. A Huancayo ta ƙasar Peru aka fara lura da shi, Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951, kuma cikin waɗanda suka fi yi masa hidima a duniya akwai Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya fara aikinsa a kai a Ibadan. Saboda wannan kogi, kaɗawar da ta zo daga sama da rana takan fito da ƙarfi a kusa da layin fiye da wuraren da ke ɗan nesa da shi kudu ko arewa. Mai noman shinkafa a kwarin Haɗeja yana aiki a ƙarƙashin wannan kogi ko a gefensa kullum.

Kada kalmar ƙarfi ta tsorata kowa. A ma'aunin ƙarfin maganaɗisu da ake kira nanotesla, na duniya a nan ya haura 30,000. Kaɗawar yau da kullum ba ta wuce nanotesla ɗaya zuwa 'yan kaɗan ba. Kamar mai naira dubu talatin ne a aljihu, a riƙa ƙara masa naira biyu ana ragewa. Maganaɗisun da ke bayan lasifikar rediyo, wanda yara ke cirewa suna jan ƙusa da shi, ya ninka na duniya gaba ɗaya sau ɗaruruwa.

Abin da za ta taɓa, da wanda ba za ta taɓa ba

Faifan sola, batir, famfo da wayar hannu ba su cikin haɗari. Canjin maganaɗisu yana tura lantarki ne a cikin abu mai tsawon gaske, na ɗaruruwan kilomitoci. Wayar da ta taso daga faifai zuwa bakin rijiya ba ta kai ta tara komai ba. Abokan gabar faifan su ne ƙurar hunturu, tsawa da haɗin waya na ganganci. Saƙon a kashe waya da dare ba shi da tushe. Ya shekara da shekaru yana yawo, kullum da "daren yau".

Zafin bazara da jinkirin damina ma ba daga nan suke ba. Hasken da rana ke aikowa yana canjawa da kamar kashi ɗaya cikin dubu ne kawai tsakanin shekarun tashinta da na kwanciyarta. Batun lafiya kuwa, akwai masu bincike da suka ce sun ga alaƙa tsakanin ranakun guguwa da bugun zuciya ko hawan jini. Alaƙar da suke nunawa ƙarama ce, sakamakon bai zo iri ɗaya a ko'ina ba, kuma likitoci ba su gina wata shawara a kai ba.

Inda abin yake da nauyi shi ne taurarin ɗan'adam. Tun 1958 aka gano cewa duniya tana da ɗamara biyu na ƙwayoyi masu ƙarfi, waɗanda aka sa wa sunan James Van Allen. Ilektiron ɗin ɗamarar waje yana kewaya duniya cikin mintoci, daidai da bugun Pc5. Idan lokutan suka dace, sai ya zama kamar tura yaro a lilo: ba ƙarfin turin ba ne, dacewarsa ce. Bugu bayan bugu, ana matsar da shi ciki yana ƙara ƙarfi har ya kusa gudun haske. Irin wannan yana huda jikin tauraro ya taru a cikin kayansa, ranar da ya cika ya yi tartsatsi. Wanda ya taɓa yaye bargo cikin duhu da hunturu ya ga 'yan tartsatsin nan. A cikin kwamfutar tauraro, ɗaya ya isa. A ranar 20 ga Janairun 1994 taurarin sadarwa biyu na Kanada, Anik E1 da E2, suka rikice a rana ɗaya. An shawo kan na farko cikin awoyi, na biyun ya ɗauki watanni. Ba wata gagarumar guguwa a ranar. Iska mai gudu ce ta yi kwanaki tana busawa.

A nan ma akwai saɓani. Wasu masana sun fi ba wannan turin lilo muhimmanci, wasu sun ce wata kaɗawa daban mai saurin bugu ce ke ƙarfafa ilektiron a inda yake. Taurarin Van Allen Probes, da suka yi aiki daga 2012 zuwa 2019, sun nuna cewa duka biyun suna aukuwa, kuma a wasu lokutan kaɗawar ULF ɗin ce ke taimakawa wajen kwashe ilektiron ta fitar da su waje.

Mutumin karkara yana jingine da waɗannan taurari fiye da yadda ya sani: tasar kallon ƙwallo a gidan kallo, hotunan gajimare da hukumar NiMet ke dubawa kafin ta yi hasashen damina, da tauraron Najeriya NigComSat-1R da aka harba a Disambar 2011, duk harkar taurarin da ke da'irar nan ta kilomita 35,786 ce. Na farkonsa da ya mutu a 2008 matsalar fukafukansa na sola aka bayyana a matsayin dalili. Su kuma taurarin Starlink 38 cikin 49 da suka faɗo a Fabrairun 2022, guguwa ce ta dumama saman iska ta kumbura ta ja su, hanya ce daban.

GPS ma haka. Abin da ya fi damunsa a yankinmu shi ne wasu kumfa da ke tasowa a sashen sama mai caji bayan faɗuwar rana, musamman wajajen Maris da Satumba zuwa Oktoba. Mai awon fili da ke neman daidaito na santimita ya fi jin wannan. Mai neman hanya da waya da wuya ya lura.

Sai layukan wuta. A ranar 13 ga Maris 1989 lardin Kwibek na Kanada ya faɗa duhu na awa tara, mutum miliyan shida. Bayan guguwar Oktoban 2003, manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu sun lalace, abin da ya nuna cewa nisa da ƙanƙara ba kariya ba ce. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa kogin lantarkin nan na samanmu yana iya ƙara wa bugun iskar rana kaifi, ko a ranar da ba guguwa. Saboda haka dogayen layukan kilobolt 330, irin wanda ya taso daga Kaduna zuwa Kumbotso, da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano mai kilomita 614, su ne irin kayan da injiniyoyi ke sa wa ido a wannan fanni. A bututu, lantarkin da ke yawo yana dagula tsarin da ke hana shi tsatsa. Amma duhun da Arewa ta sha a ƙarshen Oktoban 2024, duk da ya zo wata ɗaya da wata guguwa mai ƙarfi, dalilinsa na ƙasa ne: ɓarnar da aka yi wa layin Shiroro zuwa Kaduna, da lalacewar layin Ugwuaji zuwa Apir.

Akwai kuma cin moriya. Kaɗawar tana nutsewa cikin ƙasa, mafi jinkirinta ta fi zurfi. Tun farkon shekarun 1950 masu binciken ƙasa ke auna ta don su san abin da ke kilomitoci a ƙarƙashinsu, ba tare da sun tura wutarsu ba.

Shekarun da ke tafe

Rana tana tashi tana kwanciya a zagayen kamar shekara 11. Zagayen da ake ciki, na 25 tun da aka fara ƙirga, ya soma a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ganiyarsa. Bayan ganiya aman rana yakan ragu, labaran guguwa su ja baya. Amma a shekarun gangarowa ne guraben nan masu duhu ke buɗewa su fuskanto mu, iska mai gudu ta riƙa dawowa duk kwana 27, kuma a lokacin ne Pc5 da ilektiron masu lahani suka fi yawa. Abin da ya sami Anik a irin wannan zango ya faru.

Gargaɗin da ake samu daga wasu kumbuna ne da ke jibge kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya ta wajen rana, irin su ACE. Iskar tana wuce su minti 15 zuwa awa ɗaya kafin ta iso. Wannan ya ishi mai kula da tauraro ya kashe sashe mai rauni, ko mai kula da layin wuta ya rage kaya.

A ƙasa kuwa, Afirka tana cikin wuraren da ma'aunan maganaɗisu suka fi ƙaranci, duk da cewa layin raba duniya na maganaɗisu ya fi tsawo a kan tudu a nahiyar nan fiye da ko'ina. Jami'ar Kyushu ta Japan ta girka tashoshin shirinta na MAGDAS a Legas, Ilorin da Abuja, hukumar sararin samaniya ta ƙasa kuma tana da cibiyar binciken sama a Anyigba ta jihar Kogi. Dukkansu a kudu da layin suke. Don a ware abin da kogin lantarkin ke ƙarawa daga abin da ya zo daga waje, ana bukatar ma'auni ta ɓangaren arewa ma.

Na'urar ba ta son hayaniya. Mota ta gifta kusa da ita sai ta rubuta ta, haka janareta, haka kwanon rufi. Binne ta ake yi a rami don kada zafin rana ya motsa ta, nesa da titi da turakun wuta, faifan sola ɗaya da batir sun ishe ta. Irin wurin da take so shi ne wata gona can bayan gari a ƙasar Gumel ko Kazaure, inda abin da ke wucewa bai fi amalanke da garken shanu ba.